Kafin ka gasa wa karenka biskit, tsaya ka duba kwaɓin

Wata ɗabi'a ta fara shiga gidajen masu ajiye kare a biranenmu, daga Abuja zuwa Kaduna, Jos da Kano. Buhun abincin kare na kanti ya yi tsadar da ba kowa ke iya ɗauka ba tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023, ga kuma bidiyoyi a TikTok da Facebook suna nuna yadda ake kwaɓa fulawa da nama, a murza, a yayyanka, a jera a tire, a gasa. Mutane suna gwadawa. Wasu har sun fara ƙullawa a leda suna sayarwa. Niyyar mai kyau ce, kuma ba na ganin laifin wanda ya zaɓi ya san abin da ke shiga cikin dabbarsa. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne inda hannun mai girkinmu ke nufa da zarar an ce abin da za a yi mai gishiri ne ba mai zaƙi ba. Albasa zai ɗauko, da tafarnuwa, da dunƙulen Maggi, da ɗan yajin tsire, wataƙila ya daka ƙuli-ƙuli ya zuba don ya ƙara auki. A cikin waɗannan babu wanda ya dace da kare, wasunsu kuma suna kisa.

Albasa ce ta fi damuna, domin ita ce ba wanda ke zargi. Albasa da tafarnuwa da lawashi 'yan gida ɗaya ne, kuma dukkansu suna ɗauke da wasu sinadarai masu farar wuta waɗanda jikin mutum ke iya sarrafawa amma jinin kare ba ya jure musu. Idan suka shiga jininsa, sai su lalata abin da ke ɗaukar iska a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Ƙwayoyin su yi rauni, wasu su fashe, wasu kuma saifa ta tsince su ta rushe. Kare ya wayi gari jininsa ya ragu alhali bai ji ciwo ba, bai zubar da ko ɗigo ba.

Littattafan likitancin dabbobi suna cewa giram 15 zuwa 30 na ɗanyar albasa a kowane kilo na nauyin kare ya isa ya kwantar da shi, kuma ana fara tsoron illa tun daga abin da ya kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa. A lissafa da karen gadi mai kilo 15, irin wanda ke ɗaure a ƙofar gidaje da yawa: giram 75 ke nan, bai ma kai albasa guda matsakaiciya ba. Tafarnuwa ta fi albasa ƙarfi ninki uku zuwa biyar. Garin albasa na gwangwani kuwa ya fi duka haɗari, domin kusan kashi 90 cikin 100 na albasa ruwa ne. Idan aka busar aka niƙa, cokali guda yana ɗauke da abin da ke cikin albasa mai yawa. Kuma kada wanda ya ce ai na dafa ta, ai na soya ta, ai ta sha wuta a tanderu. Dahuwa ba ta kashe wannan guba, suya ba ta kashe ta, shanya ma ba ta kashe ta.

Abin da ya sa biskit ya fi zama tarko shi ne ba sau ɗaya ake bayarwa ba. An gasa tire guda, ana miƙa biyu da safe, biyu da yamma, yara ma suna jefa masa idan sun dawo daga makaranta. Ƙwayoyin jinin da aka lalata jiya ba su gama sabuntuwa ba an ƙara na yau. Ga shi kuma alamar ba ta fitowa nan take. Sai bayan kwana biyu, uku, har biyar za a ga kare ya yi laƙwas, yana haki ko da bai yi gudu ba, ya ƙi abinci, dasashinsa ya yi fari fat ko ya yi ruwan ɗorawa, fitsarinsa ya koma ja ko ruwan ƙasa. A lokacin nan ba mai tuna biskit ɗin ranar Asabar. Sai ka ji maigida yana cewa, "Wallahi guba aka jefo masa ta katanga." Maƙwabci ya shiga zargi, a yi gaba ta shekaru, alhali abin daga ɗakin girkin gidan ya fito. Wani lokaci kuma a ɗauka cutar kaska ce, domin ita ma tana rage jini tana canja launin fitsari, a yi ta allura ana kuma ci gaba da ba shi biskit ɗin don a lallashe shi ya ci wani abu.

Akwai masu cewa tafarnuwa tana korar kaska da ƙuma da tsutsar ciki, don haka da gangan suke sa ta. Ba a tabbatar da wannan amfanin ba, illar kuwa an tabbatar da ita. Maganin kaska da na tsutsa suna nan wurin likitan dabbobi, a sayo su.

Dunƙulen miya kuma laifinsa biyu ne. Kusan rabinsa, ko fiye, gishiri ne, kuma da yawa daga cikinsu akwai albasa ko tafarnuwa a haɗinsu. Giram 2 zuwa 3 na gishiri a kowane kilo yana sa kare amai da zawo da rawar jiki, giram 4 a kilo yana iya kashewa. Ɗan kwikwiyo mai kilo 3, cokalin shayi ɗaya da rabi na gishiri ya isa ya jefa shi cikin wannan hali, balle a watan Afrilu, a ɗaure cikin rana, kwanon ruwansa ya ƙafe tun hantsi. Yajin tsire kuwa ya haɗa su duka a wuri guda: barkono, tafarnuwa, dunƙule, gishiri, garin ƙuli-ƙuli. Haka labun kilishi. Wanda ke yi wa karensa busasshen nama, ya tsaya a nama zalla. Kare da hanci yake cin abinci, ƙanshin nama kaɗai ya ishe shi. Mu ne muke jin abinci ya yi lami.

Sai maganar gyaɗa da masara, wadda ita ce na fi so mu daɗe a kanta, domin a nan ne ƙasarmu ta bambanta da ƙasashen da ake ɗauko bidiyoyin. Kusan duk haɗin biskit ɗin kare da ke yawo akwai niƙaƙƙiyar gyaɗa a ciki. Ita gyaɗa mai kyau ba ta cutar da kare. Amma gyaɗa da masara su ne amfanin gonar da wata irin funfuna, wadda masana ke kira Aspergillus flavus, ta fi kamawa, musamman idan fari ya taɓa shuka a gona, ko aka ajiye amfanin bai gama bushewa ba, ko ƙwari suka huda shi a rumbu. Funfunar tana fitar da guba mai suna aflatoksin, wadda hanta take nufa kai tsaye. Duniya ta fara saninta ne a 1960, lokacin da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da garin gyaɗa daga Brazil. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya cikin 317 da suka kamu bayan cin gurɓatacciyar masara. Matsalar ta kai girman da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda manoma ke watsawa a gona don rage ta tun daga tushe.

Kare yana cikin dabbobin da wannan guba ta fi yi wa saurin illa. A 2011 karnuka kusan 220 suka mutu a lardin Gauteng na Afirka ta Kudu daga abincin da ya gurɓata da ita. A ƙarshen 2020 zuwa 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta danganta mutuwar dabbobin gida fiye da 130 da rashin lafiyar fiye da 220 da abincin kamfanin Midwestern Pet Foods. Iyakar da hukumar ta yarda da ita kashi 20 ne cikin biliyan, amma a wani samfurin an sami 558. Wannan fa kamfani ne mai ɗakin gwaji, a ƙasar da ake sa ido. To ina ga mai gasawa a gida, wanda ya je kasuwa ya ce a auna masa mai araha tunda ta kare ce?

Nan ne ainihin ramin yake. Mun saba idan aka tsince gyaɗa, mai kyau ta shiga tukunya, wadda ta yamutse, ta yi baƙi, ta yi ɗaci, a ware ta a ce ta dabbobi ce. Haka tsakin masara da dusa da ragowar ƙasan buhu. To waɗannan da aka ware ɗin su suka fi tara gubar. Ƙuli-ƙuli da tunkuza ma, idan daga irin wannan gyaɗar aka yi su, gubar tana nan cikinsu bayan an matse mai. Ba ta da wari, ba lallai a gan ta da ido ba, kuma zafin digiri 180 da ake gasa biskit da shi ba ya rusa ta. Karen da ya ci mai yawa zai yi amai, ya ƙi abinci, idanunsa da dasashinsa su yi shawara, kashinsa ya fito da jini ko ya yi baƙi, domin hantar da ke taimakon daskarewar jini ta gaza. Wanda ke cin kaɗan-kaɗan kuma zai yi ta ramewa wata da watanni ba a san dalili ba. Babu allurar da ke karya wannan guba. Abin da likita zai iya shi ne ya tallafi hantar ya jira. Don haka ƙa'idata a nan guda ce, kuma ba na sassauta ta: gyaɗar da ba za ka ba ɗanka ba, kada ta shiga kwaɓin kare. Idan kana shakkar inda ta fito, bar ta gaba ɗaya, biskit ɗin zai yiwu ba tare da ita ba.

Wanda ya guje wa gyaɗar kasuwa ya koma niƙaƙƙiyar gyaɗar kwalba ta manyan kantuna, shi ma ya karanta jikin kwalbar. Wasu daga cikin waɗanda aka rubuta musu cewa babu sukari, da wani sinadari ake zaƙaƙa su, wanda za a ga an rubuta xylitol ko lamba E967. Yana cikin cingam da man goge baki da wasu kayan masu ciwon sukari. Mutum ba ya jin komai idan ya ci. Kare kuwa jikinsa yana ɗaukarsa a matsayin sukari, ya kwararo insulin, sukarin jininsa ya faɗi warwas, sau da yawa cikin minti 10 zuwa awa guda. Giram ɗaya da rabi ya isa ya sa karen kilo 15 tangaɗi da jijjiga, ninki biyar na haka yana iya kashe hanta.

Akwai kuma abin da ban cika jin ana faɗa ba, alhali yana cikin kowane gida a Arewa: tsamiya. An daɗe da sanin cewa inabi da zabibi suna lalata ƙodar kare ba tare da an gane dalili ba. A 2021 likitocin cibiyar kula da gubar dabbobi ta ASPCA a Amurka suka nuna cewa abin da ake zargi shi ne wani sinadari mai tsami da ake kira tatarik asid, bayan sun ga irin wannan ciwon ƙodar ga karnukan da suka ci hodar tatar ta masu yin kek, da kuma waɗanda suka ci tsamiya. Tsamiya tana cikin 'ya'yan itatuwan da suka fi yawan wannan sinadari. Saboda haka kada a jiƙa gari da ruwan tsamiya a yi wa kare kwaɓi, kada a juye masa ragowar kunun tsamiya, kada a bar curin tsamiya inda bakinsa zai kai. Cakuleti da garin kokon da ake yin cakuleti da shi ma su yi nesa da kare.

Kitse da ƙashi kuma, lokacin Babbar Sallah ne suke yin ɓarna. Nama ya yi yawa, ana ta suya, sai a ga kamar alheri ne a kwashe man da ya tsaya a ƙasan kasko a kwaɓa da gari a gasa wa kare. Kitse mai yawa a lokaci guda yana iya kumbura gaɓar da ke fitar da ruwan narkar da abinci, kare ya yi ta amai, ya takure bayansa don ciwon ciki, wani ba ya tashi. Ƙashin da ya dahu ko ya gasu yana tsagewa da kaifi, ya maƙale a maƙogwaro ko ya huda hanji. Hanta abinci ce mai kyau, amma kaɗan. Yawanta kullum yana tara bitamin A fiye da kima.

Idan kwaɓin da yis ne, a rufe shi a ɗora sama. Karen da ya haɗiye ɗanyen kwaɓi, cikinsa ya zama wurin tashin kwaɓin: ya kumbura, yis ɗin kuma ya riƙa fitar da barasa tana shiga jini.

Bayan an gasa ma ba a gama ba. Biskit ɗin kanti yana daɗewa ne saboda an busar da shi ƙarau an kuma sa masa abin hana lalacewa. Na gida, mai nama da ƙwai da laima a tsakiya, kwana kaɗan yake yi, musamman da damina, kuma firjin da wuta ke ɗaukewa rabin yini ba abin dogaro ba ne. Idan aka ƙulle shi a leda da sauran ɗumi, gumi ya taru, funfuna ta tsiro. Wasu nau'o'in funfunar da ke kama tsohon abinci suna fitar da gubar da ke sa kare karkarwa da jijjiga cikin 'yan awoyi. Kankare wurin da ya yi kore ba ya wadatarwa, a zubar da duka, a kuma zubar inda ba zai tono ba. Naman da ke ciki ya dahu har tsakiya: na kaza ya kai digiri 74, niƙaƙƙen naman sa ko na rago digiri 71. Naman da aka shanya bai ga wuta sosai ba yana iya ɗaukar ƙwayar salmonela, kuma ba kare kaɗai take kamawa ba, har yaron da ya miƙa masa ya koma ya sa hannu a baki.

Wanda ke son ya gasa, hanya a buɗe take, kuma ta fi wadda ake bi sauƙi da araha. Dafaffen nama ko kaza ko kifi da aka cire wa ƙashi da ƙaya da kitse, a niƙa. Dafaffiyar kabewa ko dankalin Hausa ko karas. Ƙwai guda. Garin alkama ko na shinkafa mai tsabta, daga wanda gidan ke ci. Ruwan da aka dafa naman, in dai ba a sa masa komai ba. Shi ke nan. A murza shi siriri, a gasa har ya bushe ƙayau, a bari ya huce sarai kafin a rufe, a yi kaɗan wanda zai ƙare cikin 'yan kwanaki. Kuma a tuna wannan abin marmari ne, likitocin dabbobi suna cewa kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da kare ke ci a yini.

Na san akwai mai karatun da zai ce, duk wannan dogon bayani a kan kare? Mutane da yawa a cikinmu suna ajiye shi ne don gadi, ko farauta, ko tsaron garke, kuma malamai sun yi bayanin halaccin hakan. Duk wanda ya ɗaure dabba a gidansa, cinta da shanta da lafiyarta sun hau wuyansa. Ita ba ta san me ke cikin kwaɓi ba, abin da hannun uban gidanta ya miƙa shi za ta karɓa. Ga mafarauci da makiyayi kuma, mutuwar kare mai horo asarar dukiya ce ta gaske.

Masu sayarwa, nauyinku ya fi na kowa, domin kuskurenku ba gida ɗaya zai tsaya ba. Tire ɗaya mai garin albasa ko gurɓatacciyar gyaɗa zai iya shiga gidaje goma a rana guda, kuma ba wanda zai haɗa mutuwar karen unguwar Barnawa da ta karen unguwar Malali. Ku rubuta duk abin da ke ciki a jikin leda, da ranar da aka gasa. Ku nuna wa likitan dabbobi haɗinku kafin ku sayar da ko ƙulli ɗaya. Mai saye kuma ya tambaya kai tsaye: "Hajiya, akwai albasa ko Maggi a ciki? Gyaɗar daga ina?" Idan amsar ta zo da kame-kame, ya bar mata kayanta.

Wanda kuma ya riga ya bayar, ya dakatar yau, kada ya ce bari wannan tiren ya ƙare. Ya ɗaga leɓen karen ya duba dasashi: lafiyayye ruwan hoda ne, fari ko rawaya alamar haɗari ce. Ya lura da launin fitsari da na kashi har mako guda. Idan kare ya ci albasa mai yawa, ko zabibi, ko tsamiya, ko abin da ke da xylitol, kada a jira alama, a tafi da shi a lokacin, domin a awoyin farko ne likita ke iya fitar da abin daga ciki kafin ya bi jini. Kada a ɗura masa manja ko madara da sunan karya guba, ba sa karya ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma ɗuren yana iya sa ya shaƙe su su shiga huhu. Kada a ɗura masa ruwan gishiri don ya yi amai, wannan guba ce ta biyu a kan ta farko. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnatin jiha a manyan garuruwa, akwai asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri. A tafi da ragowar biskit ɗin da kwalba ko ledar duk abin da aka zuba a ciki, a faɗa wa likita nawa karen ya ci, yaushe ya fara ci, da kimanin nauyinsa.